Allura Ta Huɗu

Wata uku ke nan da abin ya faru, amma har yanzu ba na kwanciya ta gefen hagu. In na ji wani abu ya ɗan tsikare ni ƙarƙashin haƙarƙari, sai in tsaya cak ko da a tsakiyar hanya ne, in saurara. Mutanen gidanmu sun mai da labarin abin dariya, duk baƙuwar da ta shigo sai an ba ta shi kafin a ba ta ruwa. Ni ma ina taya su dariyar, sai dai a hankali nake yi, don kada cikina ya girgiza da yawa.

Gidanmu a Madabo yake. Baba malami ne a ofishin En'e, shi ya sa da aka buɗe makarantar 'yan mata aka ce ma'aikata su fara kawo nasu, bai sami hanyar zillewa ba. Yayata ta riga ta girma a lokacin, sai abin ya faɗo kaina. Shekara bakwai ina zuwa, har na kai aji na sama, saura mini shekara guda. Baturiyar da ke koyar da mu ta ce in na gama za ta sa ni koya wa ƙanana karatu. Wannan shekara gudar ce na kusa rasawa a kan rigar matashi.

A cikin abin da take koya mana akwai wani ɗinki da muka sa wa suna ɗinkin ƙirge. Ba a zana komai a jikin yadin. Farin yadi ne mai manyan idanu, sai ki ƙirga zaren saƙarsa, ki kwantar da zarenki a karkace, ki dawo ki haye shi da wani, ya zama ɗan gida guda. Gida-gida ake tarawa har tauraro ya fito. Zanen yana cikin littafinta, kowane gida da launinsa, mu kuma mu kwafa a takarda. In kika ɓata gida ɗaya a layi na uku, ba za ki sani ba sai a layi na ashirin, sa'ad da tauraron ya fara hararar gefe.

A gidanmu kuwa akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta. Duk amaryar da aka kai a unguwarmu, da wuya ki shiga ɗakinta ba ki ga surfanin Gwaggo a kan gado ba. Ita ba ta ƙirge. Ta ja zane da tawada, allura ta bi, tana yi tana hira tana cin goro, ba ta ko duban hannunta sosai. Ranar da ta fara jin ina "ɗaya, biyu, uku" a kan yadi, sai da ta ajiye nata ɗinkin.

"'Yar Baturiya, me kike ƙirgawa?"

"Zare, Gwaggo."

"Wani ya sace miki ne?"

"Haka ake yin sa."

"To ki yi a zuci. Ko kaji ba a ƙirgawa a gidan nan. Abin da duk aka ƙirga, albarkarsa ta tashi."

Da aka sa ranar bikin Yaya, sai ya zo daidai da ƙarshen hutunmu. Wata rana da la'asar Baba yana zaune a kan buzu a tsakar gida, ana maganar kayan ɗaki, Gwaggo ta ce za ta yi wa gadon amarya rigar matashi shida. Ban san abin da ya taɓa ni ba, na ji bakina ya ce ni zan yi, da ɗinkin makaranta, wanda ba a taɓa gani a gadon kowa ba a Madabo.

Gwaggo ta dubi Baba. "Malam, ka ji 'yarka. Hankici guda ta yi wata biyu tana yi. Shekara bakwai ana tura ta, abin da ta samo mana ke nan, ɗaya biyu uku. Ka bar mini ita a gida shekara guda ka ga hannu."

Baba yana kirana Uwata, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ba ya son gardama, musamman da Gwaggo, wadda ta goya shi yana yaro kuma ba ta bari ya manta ba.

"Uwata, kin ji abin da aka ce. Za ki iya?"

"Zan iya, Baba."

"To shi ke nan. In shidan sun hau gado ranar jere, ki koma makarantarki. In ba su hau ba, karatun ya isa haka, ki zauna wurin Gwaggonki."

Ya faɗa yana murmushi, amma na san shi. Ba ya magana biyu, ko a kan gishirin miya.

Sati shida nake da su. Ta farko ta cinye mini kwana goma sha ɗaya. Ranar da na tsinke zaren ƙarshe na yi lissafi, irin wanda makarantar ta koya mini, sai na ga da ban iya lissafin ba da na fi samun kwanciyar hankali.

Ba wuyar ɗinkin ce ta fi damuna ba, gundura ce. Tauraro takwas ne a kowace riga, duk iri ɗaya, ja da kore da baƙi. Na farko za ki yi shi da ɗoki. Na biyar kuwa, za ki ji gara a aike ki kasuwar Kurmi da ƙafa sau uku a tsakar rana. Sai na shiga dabaru. Na jera aya a bakin tabarma, duk layin da na gama in ci guda. Kwana biyu abin ya yi aiki, a na uku Yaya ta zo ta zauna kusa da ni wai tana taya ni hira, na ɗaga kai na ga ta cinye mini layi goma sha huɗu.

"Ai matasan nawa ne," in ji ta, "ayar ma tawa ce."

Na koma rufe farin da ban ɗinka ba da tsohon ɗankwali, don idona ya daina ganin nisan tafiyar. Wannan ya taimaka. Sannan na gano cewa ba sai na gama kowane gida kafin in wuce ba. In kwantar da zaren duk tsawon layin, in juyo in haye su gaba ɗaya, kamar mai huɗa da ke tafiya da kunya ɗaya ya dawo da wata. Da wannan ta biyu ta ƙare a kwana takwas, ta uku ma haka. Na kuma daina juya yadin ina duba bayansa. Baturiya takan ce bayan ɗinki ya zama tsaf kamar gabansa, amma na ce a raina babu wanda zai kwance matashin amarya ya leƙa ciki, in ma ya leƙa shi ne marar kunya.

Duk da haka lissafi bai fita ba. Gwaggo takan wuce ta gabana ta ce, "Sannu da ƙirge, Malama. Nawa muka samu yau?" Ta riga ta share mini wuri a ɗakinta, kusa da ƙofa inda haske ke shiga, ta ce nan ne mazaunina.

Wata safiya Inna ta aike ni Jakara in kai wa ƙaninta saƙo. Kawu ɗinkin babbar riga yake yi a zaurensa. Na tsaya ina kallonsa, sai na ga hularsa cike da allurai, kowacce da zarenta yana reto a gefen kunnensa. In ya gama da wani launi sai ya soke allurar a hula ya zaro wata, ko tsayawa ba ya yi.

"Kawu, me ya sa da yawa haka?"

"Ke ba ki san inda rana take tafiya ba? Ba a ɗinki take tafiya ba, a zura zare take tafiya. Da safe ido na da ƙarfi, sai in zura su duka, in huta."

Na dawo gida kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ni da nake cire ja in sa kore, in cire kore in sa baƙi, duk a allura ɗaya. Na samo huɗu: biyu na ja don shi ya fi yawa, ɗaya kore, ɗaya baƙi. Sai dai ba ni da hula. Na soke su a ɗankwali, ɗankwalin ya zame suka karce mini goshi. Na soke a zani, na manta na zauna a kan guda. Na soke a tabarma, zaren suka sarƙe. Daga nan na tuna Gwaggo, in za ta gyara yadi takan riƙe allurarta a leɓe. Na ce abin da leɓe ya yi wa ɗaya zai yi wa uku.

Ya kuwa yi. Ɗaya a hannu, uku a baki, zare na zubowa ta haɓata kamar gemun bunsuru. Ta huɗu ta ƙare a kwana biyar. Ga wata riba da ban zata ba: mai allura a baki ba ta hira, ba ta amsa tsokana, ba a aikenta don ba ta iya cewa to. Inna ta gan ni sau ɗaya ta ce in cire, na cire, tana shiga ɗaki na mayar. Gwaggo ta daina tambayar nawa muka samu. Ta fara wucewa tana duban yadin ta wutsiyar ido.

Saura kwana shida jere, ina tsakiyar ta biyar, aka zo dakan yaji. Maƙwabta suka shigo da turame, aka zuba barkono da citta da masoro, taɓarya uku na tashi lokaci guda. Ni ina can gefe a inuwar katanga, hantsi ya ɗan ɗaga. Na so gyara zaman yadin a cinyata, sai na ɗora ta hannun ma a leɓe, suka zama huɗu. A daidai nan iska ta juyo.

Kowa ya san yadda atishawa take. Kafin ta fita sai ta ja numfashi ciki. Na ji tana zuwa, hannuwana biyu riƙe da yadi, ban sami damar komai ba. Na ja, na yi, har sau biyu.

Na ce alhamdu lillahi, wata daga masu daka ta yi mini addu'a. Na duba cinyata na ga allura biyu. Ta uku tana reto a gaban rigata, da koren zarenta. Na shafa leɓe babu komai. Ta huɗun ita ce wadda zarenta ya ƙare, na tsinke ragowar ina shirin zura sabo, ba ta da jelar da za a gan ta da ita.

Na kakkaɓe zani a hankali. Na ɗaga yadin. Sannan na haɗiyi yawu, na ji wani abu ya karce mini maƙogwaro.

"Inna," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Inna, ina jin na haɗiye allura."

Daka ya tsaya. Ban taɓa ganin tsakar gidanmu ta yi shiru haka da rana ba. Inna ta zo ta buɗe mini baki ta juya ni wajen haske, ta leƙa, ba ta ga komai ba sai jan maƙogwaro, wanda barkono ma zai iya sawa. Mata suka durƙusa suna lalube. Aka kakkaɓe tabarma, aka kwance mini ɗankwali da zani, aka tsefe gaban kitsona. Aka share ƙasar wurin aka tankaɗe ta da rariya. Aka sami ɗan kunnen Yaya da ya ɓace tun bara, da ƙwallayen dabino, da wani tsohon wuri irin na kuɗin da. Babu allura.

Wata maƙwabciya ta ce ai kada a damu, a dangin mijinta an yi wadda ta haɗiye, bayan shekara bakwai ta fito mata ta gwiwa, fes, har aka ci gaba da ɗinki da ita. Wata ta ce a'a, allura zuciya take nema, in mutum na motsi sai ta yi ta iyo cikin jini har ta isa. Ta faɗa ne a kaina, kamar ba ni da kunne. Daga nan na zauna daɓas a ƙasa.

Gwaggo ce ta kore su. "Ku koma dakanku, likitocin turmi." Ta sa aka kwantar da ni rigingine a ɗakinta. Ta mulmula auduga ƙanana-ƙanana ta tsoma a man shanu ta ce in haɗiye, wai audugar za ta naɗe tsinin. Na haɗiyi bakwai. Ta sa aka kaɗa miyar kuɓewa ba tuwo, mai yauƙin da in kin ɗaga ludayi sai ya biyo ki har ƙofa, ta ce in sha don hanya ta yi santsi. Bayan kuɓewa aka kawo karkashi. Aka karɓo rubutu wurin malamin unguwa aka ɗora a kai. Inna kuma ta ɗauki wani aiki na bincike kowace safiya, da tsinke a hannu, wanda ba zan rubuta shi a nan ba. Allah Ya saka mata.

Da Baba ya dawo daga aiki ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallona. Ya ce a kai ni asibitin cikin gari. Gwaggo ta ce sai dai a bi ta kanta, an ce likitan farke ciki yake yi ya duba kamar mai neman tsakuwa a shinkafa. Ni ma na fashe da kuka na ce kada a kai ni. Ya tambaya ko ina jin zafi, na ce ban sani ba, ko'ina nake jin ta, yanzu tana wuya, an jima tana cibiya. Ya ce to a ba shi kwana uku, in jini ya fito ko zazzaɓi ya zo ba zai saurari kowa ba. Ya juya zai tafi, ya waiwayo.

"Uwata, ba ke ba allura, har sai na ce."

Bai ambaci makaranta ba. Ba sai ya ambata ba. Riga ɗaya da rabi suka rage, suna ninke a kan akwatin Gwaggo inda idona ke kaiwa.

Kwana biyu na yi a kwance kamar gungume. In zan juya sai na yi bismilla. Ina jin hayaniyar biki na ƙaruwa a waje, ni kuwa ina ƙirga azarar rufin ɗaki, don ƙirgen ya zame mini jiki. Tsoro biyu nake ji, kuma abin kunya, ban san wanda ya fi ba. In na tuna allura sai zufa ta keto mini. In na tuna ajinmu da allon bango da ƙananan da aka ce zan koya wa, sai hawaye. Yaya ta shigo ta zauna ta riƙe hannuna, ta ce matashi huɗu ma sun ishe ta, kai nawa ne da ita. Na ce ba ke ce kika sa sharaɗin ba.

A rana ta uku da hantsi na ga Gwaggo ta ɗauko ta biyar ɗin ta zauna a bakin ƙofa. Ta jujjuya yadin, ta duba taurarin da na gama, ta yi tsaki, ta zura zare. Ina kallon hannunta. Wallahi ban taɓa ganin sauri irin wannan ba, gida-gida suna fitowa kamar ana zuba su. Kafin azahar ta gama tauraro guda. Ta ɗaga shi sama ta duba. Ta nisanta shi ta sake dubawa.

Tauraron yana da ƙafa ɗaya doguwa, ɗaya gajera, kansa ya karkata kamar ɗan kaza da aka taka.

Na kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce mini, na dafe ciki ina salati.

"Yi ta yi," in ji Gwaggo, "allurar na jin ki." Ta sa baki ta tsinke zaren ta fara warwarewa. Ta sake farawa, ta yi layi huɗu, ta tsaya. Ta daɗe tana tauna goro.

"Ke. Wannan layin, jan nawa ne?"

"Gwaggo, ai ba a ƙirge a gidan nan."

"Ni na ce zan ƙirga? Ke za ki ƙirga. Albarkar da za ta tashi, taki ce za ta tashi. Ni hannu kawai na ba da aro, don kada a ce gadon 'yar ƙanina ya tafi da giɓi."

Na sa aka miƙo mini takardata, ko da yake tauraron nan na yi shi sau talatin da wani abu, yana kaina kamar Fatiha. Ina kwance ina duban rufi na fara: "Tsallake huɗu. Ja uku. Tsallake biyu. Kore ɗaya." Gwaggo na bi. Da farko tana yi tana gunaguni, wai an mai da ita jakin niƙa. Can sai na ji ta ce, "To, sai me? Yi sauri mana, bakinki ma nawa gare shi kamar hannunki."

Inna ta leƙo ta ga abin da ake yi, ta wanke hannu ta ɗauki ta shida. Sai ya zama ina kira su biyu suna ɗinka layi ɗaya a kan yadi biyu. In Inna ta yi baya Gwaggo ta ce a jira amarya. In Gwaggo ta yi kuskure ta ce ni ce na faɗa ba daidai ba, ai mai allura a ciki ba a yarda da lissafinsa. Sau ɗaya na ji ta tana motsa leɓe, "huɗu, biyar," ƙasa-ƙasa. Na ɗaga kai, ta harare ni.

"Tasbihi nake yi."

Abin mamaki, muddin ina kira ba na jin allurar. Sai an tashi salla ko cin abinci take dawowa ta zauna mini a haƙarƙari.

Kwana uku muka yi a haka, daga hantsi zuwa lokacin da inuwa ta rufe ƙofa. Jini bai fito ba, zazzaɓi bai zo ba, allura ma ba ta fito ba. Ranar jere da safe Gwaggo ta tsinke zaren ƙarshe da haƙori, aka cusa auduga, aka ɗora shidan a kan kaya aka fita da su. Ni ba a bar ni na je ba. Da mata suka dawo suka ce ɗakin ya cika da masu kallon gado, ana ta shafa taurarin ana tambayar ko daga kanti aka sayo.

Bayan biki da kwana biyu, baƙi sun watse, na fara tafiya a hankali ina dafa bango, Baba ya kira mu tsakar gida.

"An ce shida sun hau gado."

"Sun hau," in ji Gwaggo, "amma ka tambayi wanda ya hau da su. Ɗaya da rabi hannuna ne da na matarka. Ita tana kwance tana shan kuɓewa."

Gabana ya faɗi, a daidai wurin da allurar take zama. Baba ya dube ni.

"Haka ne, Uwata?"

"Haka ne, Baba."

"To ai magana ta ƙare ke nan." Ya juya wajen Gwaggo. " Yaya, ga 'yarki nan, na ba ki."

Na sunkuyar da kai. Na riga na sa a raina ba zan yi kuka a gabansa ba. Gwaggo tana ɓare goro. Ta ɓare ta duba, kamar a ciki amsar take.

"Ke, littafin nan na Baturiyarku, tauraron nan kaɗai ne a ciki?"

"A'a, Gwaggo. Akwai furanni, akwai ganye mai zagaye bakin yadi, akwai wani kamar saƙar zuma. Da yawa. Masu wuyar sai a shekarar ƙarshe take bari a kwafa."

"Kuma ba ta ba da aron littafin."

"Ko taɓa shi ba ma yi sai mun wanke hannu."

Ta jefa goron a baki. "Malam, gida uku sun aiko mini tun jiya, kowa irin na gadon nan yake so. In yi ta yi musu tauraro ɗaya har in mutu? A ce Gwaggo ta tsufa, zane guda ta iya? Ka mai da ita. Ta je ta kwaso mini duka, har mai saƙar zumar. In ta gama kwasowa ma yi maganar zama."

"Ba ke kika ce ba ta cika sharaɗi ba?"

"Ba ta cika ba. Ka ba ni ita, ko ba ka ba ni ba? To na aike ta."

Baba ya shafa gemu, yana ƙoƙarin kada a ga bakinsa. Ya ce tun da mai ita ta aike ta, shi wane ne.

Ran Litinin na koma. Tafiyar da nake yi cikin ɗan lokaci sai da ta ɗauke ni kusan ninki biyu, don ina taka ƙasa kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Baturiya ta tambayi abin da muka yi da hutu, na ce na yi rigar matashi huɗu da rabi. Ta ce rabin fa? Na ce labari ne mai tsawo. Ban gaya mata ba, don na san motar asibiti za ta kira.

Baba ya ɗage mini dokar bayan wata guda, da sharaɗin allura ɗaya. Kawu ya aiko mini da tsohuwar hularsa, ina ajiye ta a gefena in soke sauran a jiki, in ba kowa a kusa. Yanzu ina kan kwafar fure na biyu. Jiya da yamma Gwaggo ta karɓi takardar ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ta ce furen bai kai nata na tawada kyau ba, amma in zauna in kira mata. Muna tsakiyar layi na tara na ji tsikarar nan a gefen hagu, na yi shiru na dafe wurin.

"Tana ina yau?" in ji ta, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Nan, ƙasan haƙarƙari."

"To ba ta yi nisa ba. Kore nawa?"